Hancin Malam Nomau

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, tun zamanin da gyaɗa ke da daraja a ƙasar nan. Sunansa Malam Nomau. Ku matso, jama'a, ku na bakin ƙofa ku shigo, akwai wuri. Labarin hanci zan ba ku yau. Na ga wani yana murmushi. Yi abinka, ɗan'uwa, za mu gani ko murmushin zai kai ƙarshen labari.

Malam Nomau ba malamin zaure ba ne, ana dai ce masa Malam don girmamawa. Ba shi da gona, ba shi da shago. Abin da Allah ya ba shi hanci ne. In ana suyar gyaɗa gida uku daga nasa, yana zaune zai ce ta kusa ƙonewa, in aka je aka duba kuwa haka ne. Da wannan hanci yake ci, da shi yake ciyar da matarsa Tasalla.

To bari in gaya muku yadda aka yi hanci ya zama sana'a. Kun san yadda iyayenmu mata ke fid da man gyaɗa. A soya, a murje, a sheƙe, a kai markaɗe, a zuba a turmi ana yayyafa ruwan zafi ana juyawa da taɓarya har mai ya taso, sannan a matse. Abin da ya rage shi ne tunkuza, ita ake soyawa ta zama ƙuli-ƙuli. Ana nan sai wani attajirin garin, Alhaji Cindo, ya kafa masana'anta ya kawo injin matsa. Inji ya fi hannu ƙarfi, amma ko shi ba ya tatse gyaɗa tas, kullum da sauran mai a cikin tunkuza. Ɗan Adam kuwa, kun san halinmu, ba ma son barin saura. Sai Alhaji ya kawo hanya ta biyu. A zuba tunkuzar a wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe, a jiƙa ta da wani sinadari, farin ruwa ne ɗan'uwan fetur, warinsu ma ɗaya. Shi ke bi lungu-lungu ya wanko sauran man. Daga nan sai a bi man da zafi da tururi har sinadarin ya tashi ya bar shi. In ya tashi duka, mai ya zama na ci. In saura ya maƙale, ido ba ya gani, ba a sani ba sai an ɗora kasko a kan murhu.

Haka kuwa ta faru tun shekarar farko. Akwai wata tsohuwa mai ƙosai a bakin hanyar masana'antar, Iya Delu. Ta sayi mai, ta zuba a kasko, ta sunkuya tana gyara itace, wuta ta yi tsalle ta kama man ta lashe mata hannu biyu. Allah ya sa da sauran kwana, ta tashi, amma yatsunta sun lanƙwashe har abada. Akwai agogon awo a jikin tukunyar nan, amma ranar ma yana nan, bai kuwa nuna komai ba. Shi ya sa Alhaji Cindo ya rantse ba za a sake ɗura mai a ganga ba sai mutum mai rai ya shinshina. Aka nemi hanci, duk gari aka nuna Nomau.

Ga yadda ake yi. In mai ya sauko, sai a ɗebo a ɗan kwano da ɗuminsa a miƙa wa Malam Nomau. Leburori su tsaya da gangunansu. Ya yi bisimilla, ya kai hanci sau uku. In babu warin sinadari sai ya ɗago kai ya ce, “Ban ji ba.” Alhaji ya ce, “A ɗura!” Shi ke nan aiki ya tashi. Ku riƙe wannan kalma, jama'a. Ban ji ba. Ita ce hatiminsa, ita ce abincinsa. Shekara goma sha biyu yana faɗinta, sau huɗu kacal ya ce ya ji, aka mayar da mai tukunya.

To, wata shekara, saura 'yan kwanaki a fara azumi, sai mura mai zafi ta kwantar da shi, da masassara a kai. Kwana tara bai fita ba. Alhaji bai yarda da hancin kowa ba, don haka mai ya taru a masana'anta, motoci suka yi layi, 'yan kasuwa na ta aike. Kun dai san yadda ake neman mai gab da azumi, kowane gida za a soya ƙosai.

Rana ta goma Nomau ya ji ƙarfi, ya fito tsakar gida da hantsi ya zauna kusa da murhu. Tasalla ta ɗora gyaɗa ta shiga ɗaki. Can sai maƙwabciya ta ɗaga murya ta katanga: “Tasalla, gyaɗarki na ƙonewa!” Tasalla ta fito da gudu ta sauke. Ta dubi baƙin hayaƙin, ta dubi mijinta da ke zaune taku biyu daga wurin.

Ta ce, “Malam, kana zaune?”

Ya tashi ya shiga madafa ya buɗe daddawa, ya kai hanci. Babu. Ya ɗauko kwalbar turarensa na Juma'a. Babu. Ya kwance murfin fitila ya shinshina kananzir har idonsa ya kawo ruwa. Babu komai, jama'a. Mura ta tafi, ta tafi da hancin. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ya koma ya zauna a kan turmi.

Ya ce, “Tasalla, abincinmu ya ƙare.”

Ita ba muguwa ba ce, kada ku zage ta. Mace ce da ta duba ta ga tsufa ya zo, babu gona, babu ɗa namiji a kusa. Ta durƙusa a gabansa ta rage murya.

Ta ce, “Malam, wa ya sani? Daga ni sai kai.”

Ya ce, “Da Allah.”

Ta ce, “To ai ba ƙarya na ce ka yi ba. Me kake ce musu kullum?”

Ya ce, “Ban ji ba.”

Ta ce, “To gobe in sun miƙo maka kwano, za ka ji ne?”

Ku saurara, bayin Allah, ku saurara da kyau. Shaiɗan ba kullum yake zuwa da ƙarya ba, ya san wasu ba za su karɓa ba. Irin su Nomau kuwa, gaskiya yake kawo musu, ya ɗan murɗe mata wuya. In Nomau ya ce bai ji ba, ko alƙali ba shi da abin kama shi. Harshensa fes. To amma su leburorin, me za su fahimta? Mai lafiya ne, a ɗura.

Washegari da safe aka aiko mota tana jira, ya ce a bari zai taka da ƙafa. Yana tafe yana lissafin zuci. Sau huɗu cikin shekara goma sha biyu. Watakila ma hancin ya dawo kafin sallah. Wa zai cutu? Har zuciyarsa ta fara kwanciya a kan haka, sai hanya ta kawo shi wurin Iya Delu. Tana nan a inda take, ta maƙale matsami tsakanin lanƙwasassun yatsunta tana juya ƙosai.

Ta ce, “A'a, Malam Nomau! Ashe ka tashi? Sannu, ya jiki?”

Ya ce, “Da sauƙi, Iya.”

Ta ce, “Alhamdu lillahi. Ni fa kwana goma ina auna ɗan man da ya rage mini, na ƙi sayen na kowa. Na ce sai ka tashi. Tun da aka sa hancinka a bakin ganga na daina tsoron kasko.”

Ta naɗe masa ƙosai uku a takarda. Ya karɓa da zafinsa, tururi na bugun fuskarsa, bai ji ƙanshin komai ba. Ya yi godiya ya wuce, ya kasa haɗa ido da ita.

Ya isa ya tarar an yi cirko-cirko. Alhaji Cindo da kansa ya tarye shi, ya kama hannunsa, ya ce a kawo kwano maza. Aka kawo. Nomau ya yi bisimilla. Ya kai hanci sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Ya ɗago kai, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce:

“Alhaji, ba na ji.”

Alhaji ya tafa hannu ya ce, “Madalla! A ɗura!”

Kun gani? Ga ƙarar inji, ga ɗoki, kunne ya ji abin da ya saba ji. Leburori suka rugo da ganguna. Wace ƙofa ce ta fi wannan faɗi? Ya riga ya faɗi gaskiya, su ne ba su saurara ba. Da ni ne, wallahi ban san abin da zan yi ba, kada in cika muku baki. Shiru kawai zai yi ya koma gida da aikinsa, har ya gaya wa kansa ai ya faɗa.

Sai Nomau ya ajiye kwanon ya ɗaga hannu biyu, mutumin da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya yi tsawa: “Ku dakata! Kada wanda ya ɗura!”

Aka tsaya. Alhaji ya ce, “Lafiya? Ka ji wari ne?”

Ya ce, “Ban ce na ji ba, ban kuma ce ban ji ba. Cewa na yi ba na ji. Hancina ya mutu, Alhaji. Ko fetur zalla ka zuba a kwanon nan ba zan sani ba.”

Alhaji ya ja shi gefe bayan buhunan gyaɗa. Ya ce, “Haba Nomau, a gaban mutane? Da ka same ni mu biyu. Dubi motocin nan. Ka fito ka ce wasa kake yi, ka faɗi kalmarka yadda ka saba, sauran magana ta biyo baya. Sau nawa ka taɓa jin warin nan?”

Ya ce, “Sau huɗu.”

Alhaji ya ce, “To ka gani.”

Ya ce, “In yau ce ta biyar fa? Alhaji, ba kai kake saurarona ba, matan da ke tsugune gaban kasko ne. Ba zan ce musu na duba ba alhali ban duba ba.”

Ran Alhaji ya ɓaci. Ya juya ya ce wa ke da hanci a nan. Aka turo wani magidanci mai kula da wutar tukunya, sunansa Ilu. Ilu ya shinshina ya ce bai ji ba. Don a tabbatar, aka ɗebi ludayi ɗaya aka fita fili can nesa, aka ɗora a wuta.

Na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce wuta ta tashi, kowa ya yi salati, Alhaji ya rungume Nomau. A'a. Man nan lafiya lau yake. Ya yi zafi ya yi ƙyalli, ko ƙyas bai yi ba. Aka ɗura, motoci suka tashi, aka yi azumi aka yi sallah, babu wanda ya ƙone. Da Nomau ya yi shiru ranar, da babu abin da ya faru.

Alhaji ya ce masa, “To me zan yi da mai shinshina marar hanci? Ka je ka huta, in ya dawo ka dawo.” Kafin ya tafi, Nomau ya nemi a bar shi kwana uku, ya zaunar da Ilu ya koya masa abin da ya sani: kada ka shafa turare da safe, kada ka ci albasa, ka fita ka shaƙi iska tsakanin kwano da kwano. Ranar ƙarshe ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Ilu, hanci aro ne. Ranar da mai shi ya karɓa, ko na yini ɗaya ne, ka faɗa.”

Gari ya ɗauka. Wasu suka ce baki shi ke yanka wuya. Wasu suka ce ku ƙyale shi, wanda ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada. Masu barkwanci suka laƙaba masa suna Malam Ba-ya-ji, kamar wani gagararren yaro. Tasalla ta yi kwana biyu ba ta ce masa uffan ba. Rana ta uku ta jawo turmi tsakar gida ta ce, “Tun da ka zaɓa mana, sai ka kama taɓarya.”

Ya kama. Dattijo da furfura, yana juya markaɗe a turmi, yana matse tunkuza da hannu, aikin da maza ke cewa na mata ne. Ya ɗauki kwalabe ya zaga da su kasuwa. Wata rana a ci sau biyu, wata rana sau ɗaya. Abinci ma ya daina yi masa daɗi, don wanda ba ya jin ƙanshi tuwo da miya duk ɗaya ne a bakinsa. Hancin bai dawo ba. Kada ku ɗauka abin bai dame shi ba, ya dame shi. Akwai ranar da ya ga motar masana'anta ta wuce, ya tsaya riƙe da kwalabensa har hawaye ya zubo masa. Amma ko sau ɗaya ba a ji ya ce da na sani ba. Shekara takwas yana haka.

A shekara ta takwas ɗin, wata safiya, Ilu ya tashi da mura. 'Yar mura ce, irin wadda kan wuce cikin kwana biyu. Aka miƙa masa kwano, ganga arba'in na jira. Ya kai hanci, babu. Kalmar nan ta zo har bakin harshensa, shi ma ya ga ai ba ƙarya ba ce. Ya kuma tuna yadda Nomau ya ƙare, yana yawo da kwalabe. Amma ya tuna hannun nan a kafaɗarsa. Ya ce, “Alhaji, yau ba na ji.”

Wannan karon kunnen Alhaji ya san bambancin. Ya yi tsaki ya ce a kira wani. Wanda aka kira yana kai hanci ya kau da kai yana tari. Aka fita da ludayi ɗaya fili, aka ɗora a wuta. Jama'a, kafin a ja da baya harshen wuta ya tashi ya wuce tsayin mutum. Ashe wani bututun tururi ne ya toshe a cikin tukunya, agogon awo kuwa yana nan bai nuna komai ba. Ganga arba'in! Ku ƙiyasta kasko nawa ke nan, da mata nawa, da 'ya'ya nawa goye a bayansu.

Alhaji Cindo ya daɗe tsaye yana kallon baƙin tabon da wutar ta bari a ƙasa. Sannan ya ce, “Ilu, wa ya koya maka wannan?” Ilu ya ce, “Ka san shi.” Alhaji ya ce, “Mu je.”

Suka isa ƙofar gidan suka tarar an shimfiɗa tabarmi, dattawa na zaune. Alhaji ya ce lafiya? Aka ce ai yau sadakar uku. Malam Nomau ya rasu shekaranjiya bayan azahar, ya kwana biyu da ciwon ƙirji. Ba a ma tuna a aika masana'anta ba, an ɗauka sun manta da shi.

Alhaji ya nemi iso ya durƙusa daga bakin ƙofar ɗakin Tasalla, ya ba ta labari tun daga murar Ilu har wuta. Ya ce, “Na zo in gaya masa shi ne mai gaskiya. Na zo in nemi gafararsa.”

Daga bayan labule ta ce, “Alhaji, ni na riga ka ce masa ya faɗi kalmarsa yadda ya saba. Ni dai Allah ya ba ni shekara takwas na nemi tawa gafarar, ya kuma yafe. Kai ma ya yafe maka, a gabana ya faɗa. Amma wannan labari da ka kawo, Malam bai ji ba.”

Bai ji ba, bayin Allah. Ya koma ga Ubangijinsa yana tsammanin gaskiyarsa ba ta tsare kowa ba, sai dai ta raba shi da abinci. Bai yi don a gode masa ba, bai kuma ga amfaninta da idonsa ba. Amma Wanda ya yi dominsa yana ji, yana gani, kuma ba ya mantuwa.

To ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Gaskiya ba a harshe kaɗai take ba. Ba abin da ka furta za a tambaye ka kawai ba, har da abin da ka bari ɗan'uwanka ya fahimta. Kai da aka zo tambayarka halin mai neman aure ka ce, “Ni dai ban ji wani abu ba,” alhali ba ka bincika ba, kwanon Nomau ne a hannunka. Kai mai sayar da mota da ke cewa, “Ban ga matsala ba,” don ka ƙi buɗe gabanta ka duba. Kai direba da idonka ya fara hazo kana ɓoyewa, ga rayuka goma sha takwas a bayanka. Da mu nan masu rawani, ban cire kaina ba, da za a yi mana tambayar da ta fi ƙarfinmu, kunyar cewa “ban sani ba” ta sa mu yi ta kewaye-kewaye. Kowannenmu akwai wata Iya Delu da ta daina tsoron kasko saboda shi.

Kuma kada wanda ya ce zai faɗi gaskiya in ya tabbata za ta biya shi. Ta Nomau sai da ta shekara takwas kafin ta haihu, kuma ba a gabansa ba. Kai dai ka faɗa. Ranar da aka miƙo maka kwano ka san ba ka ji, kada ka ce ba ka ji wari ba. Ka buɗe baki ka ce hancin ne babu, in ba a saurara ba ka ɗaga murya ka sake faɗa.

Allah ya ji ƙan Malam Nomau da ire-irensa da ba mu san sunayensu ba. Allah ya daidaita harsunanmu da zukatanmu, ya sa kada wani ya ƙone saboda shirunmu. Ku ce amin.